Ciwon da Malama Ta Ɓoye wa Injiniya

Injiniya bai taɓa shiga jami'a ba. Mutanen layinsu ne suka laƙaba masa sunan saboda gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki da yake yi a wani ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti. Dogo ne, mai fara'a da son barkwanci. In ya fara ba da labari yana kwance kwamfiresa, sai mai firjin ya manta da sauri ya zo. Aibinsa ɗaya ne, shi ma ya san da shi, wato kishi. Matarsa tana koyar da 'yan aji biyu a wata firamare, shi ma Malama yake ce mata kamar kowa. Shekararsu uku da aure, suna da 'ya ɗaya 'yar wata bakwai da suke kira Bebi, wadda ke wuni a gidan yayar Malama in ana makaranta.

Daga haihuwar Bebi abubuwa suka sauya. Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi wa Malama ƙari aka ɗinke ta. Injiniya ya yi haƙuri wata biyu, ya ƙara na uku don kansa. Da ya nemi matarsa ta amince sau ɗaya, ta amince sau biyu, daga nan uzuri ya fara bin uzuri. Yau ciwon kai, gobe takardun yara da ba ta gama dubawa ba, jibi Bebi tana rigimar haƙori. A ƙarshe ta ɗauko yarinyar daga ƙaramin gadonta ta mayar da ita tsakiyarsu, maganar ta mutu a nan.

Da abin ya tsaya a haka da ya ce gajiyar goyo ce. Amma mai kishi ido gare shi, kuma idon Injiniya ya fara tsince-tsince. Malama ta koyi shiga banɗaki da butar ruwan ɗumi da baho da wayarta, ta kulle ƙofa, ta yi kusan rabin awa, safe da yamma. Yakan tsaya a bakin ƙofar kamar mai neman takalmi, ya kasa kunne, ba ya jin zubar ruwa ko kaɗan. Ta sa wa wayar lambar sirri, abin da ba ta taɓa yi ba. In ya zauna kusa da ita a doguwar kujera sai ta karkace gefe guda, ba ta minti biyar ta miƙe ta ce ta bar abu a wuta. Abinci ma a tsaye take ci a kicin.

Wanda ya fi ƙona masa rai shi ne babur. Tun suna neman aure a bayan babur ɗinsa take yawo, ita ce ma mai cewa ya ƙara wuta. Rana ɗaya ta ce ta daina hawa, wai jijjigar tana damun bayanta. Ta koma shiga tasi. Bayan mako biyu tasin ma ta daina, sai ga wata farar mota tana sauke ta a ƙofar gida. Da ya tambaya, ta ce ta Malamin Lissafi ce, mai koyar da manyan azuzuwa, gidansa na gaba da su da layi biyu, kuma su uku yake rage wa hanya. Injiniya ya ce to madalla. Washegari ya dawo gida da wuri ya tsaya a bayan labulen falo. Su uku ne a baya can wataƙila, amma lokacin da motar ta iso layinsu Malama ce kaɗai, a kujerar gaba, tana dariya.

A cikin makon aka kira shi makarantar, firjin ɗakin malamai ya daina sanyi. Da can yakan tura aikin makarantar zuwa ranar da ba shi da komai, wannan karon kafin a kashe waya ya ɗauki jakarsa. Yana durƙushe a bayan firjin sai ga mutumin ya shigo neman alli. Ba wani kyakkyawa ba ne, gajere ne, da ɗan tumbi da tabarau. Amma rigarsa ta sha guga, ƙamshinsa ya riga shi shigowa, kuma da ya miƙo hannu su gaisa Injiniya ya ga faratansa fes, nasa kuwa baƙi ƙirin da mai. Mutumin ya ce ashe shi ne maigidan Malama, ai tana yawan maganarsa. Injiniya ya yi murmushin da bai wuce haƙora ba. Duk hanyar komawa shago yana juya maganar. Tana yawan maganarsa tana cewa me? Mace ba ta yi wa wani namiji hirar mijinta sai in ƙararsa take kaiwa.

Ranar Lahadi da hantsi Malama tana yi wa Bebi wanka, wayarta na kan tebur kusa da kofin shayinsa, sai ta yi haske. Bai taɓa ta ba, kai kawai ya sunkuyar. Saƙo ne daga wata lamba da aka ajiye da harafi ɗaya, L. An rubuta: "Laraba ƙarfe biyu kamar wancan makon. Ki saki jikinki, wannan karon ba za ki ji zafi kamar na farko ba."

Hasken ya mutu. Injiniya ya zauna da kofi a hannu har shayin ya huce. Bai san kalmar da ta fara da wannan harafin ba in ba Lissafi ba. Malama ta fito da yarinyar a naɗe cikin tawul, ta tambaye shi ko a ƙara masa ruwan zafi, ya ce ya ƙoshi. Ya so ya yi magana, ya ga in ya yi za ta sami abin faɗa, don malamai ba sa rasa amsa. Ya yanke wa kansa cewa da idonsa zai gani.

Kwana ukun nan bai yi aikin kirki ba. Ya cika wa wani firji gas har ya yi yawa, ya sake zuƙewa. Ya ƙone babban yatsansa da wutar walda. Mai faci ya leƙo ya tambaye shi ko lafiya, don rabon da ya ji dariyarsa tun Asabar, ya ce masa zazzaɓi ke son kama shi. A gida kuwa ya zama mai ladabin da ya wuce kima, yana gaishe ta kamar baƙo, yana kallon duk ɗankwalin da ta ɗaura yana tambayar kansa don wa aka ɗaura shi.

Ranar Laraba ƙarfe ɗaya da rabi ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo. Ya laɓe da babur ɗinsa a bayan wata babbar mota da ke sauke buhunan siminti daura da makarantar. Ba a daɗe ba farar motar ta fito, Malama a gaba, babu kowa a baya. Ya bi su daga nesa. Suka wuce kasuwar kayan gini, suka wuce gidan mai, suka karya hagu zuwa wani layin da bai san ta san shi ba. Motar ta tsaya a gaban wani bene mai hawa ɗaya, ƙasansa kyamis ne. Malama ta fito a hankali tana dafa ƙofa, ta ɗaga wa direban hannu, ta bi matakalar da ke gefen kyamis ɗin. Motar kuma ta ja ta tafi.

Wannan ya ɗan rikita masa lissafi, amma ya ce ai wayo ne, zai je ya ɓoye motar ya dawo da ƙafa. Ya jira minti goma yana gadin matakalar. Babu wanda ya zo sai wata tsohuwa da jikarta. Da haƙurinsa ya ƙare ya kafe babur ya hau, bibbiyu yake tsallake matakan.

Warin maganin goge ƙasa ne ya fara tarbarsa. Ɗaki ne mai dogayen benci biyu da fanka a sama, mata biyar ko shida na zaune kowacce da kati a hannu. A bango an manna hoton uwa tana shayar da jariri. Can a ƙarshen benci kuwa yayar Malama ce zaune, Bebi a cinyarta tana tsotsar zip ɗin jaka.

Yaya babbar mace ce mai ɗinkin labule, wadda ta riƙe Malama tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma Injiniya yana shakkarta fiye da yadda yake shakkar surukinsa. Ta dube shi daga hular kwanon da ke hannunsa har zuwa takalminsa, ta miƙe da yarinyar a kafaɗa, ta tasa shi gaba zuwa kan matakala.

"Biyo ta ka yi?"

Ya ce wucewa yake yi ya hango ta.

"Ka hango ta daga titi har cikin bene. To, tunda ka zo, tsaya ka ji."

Ta gaya masa ba tare da ta sassauta murya sosai ba. Basir ne. Tun cikin Bebi na wata bakwai ya fara, naƙuda ta ƙarasa fito da shi. Akwai makon da in ta shiga bayi sai ta ga jini, ta fito ta wanke fuska ta tafi aji ta tsaya a gaban yara awa biyar, don tsayuwar ta fi mata zama sauƙi. Ga kuma wurin ɗinkin haihuwa da bai daina yi mata zafi ba. Ruwan ɗumin da take kullewa da shi, zama take yi a ciki, likita ce ta sa ta. Wancan makon an ɗaure mata tsiro ɗaya da roba don ya bushe ya faɗi, yau za a ɗaure na biyu.

Injiniya ya jingina da bango. Wani sanyi ya sauka a ransa, ya ji kamar ya zauna a kan matakalar ya yi dariya. Sai dai sanyin bai daɗe ba. Ya tambaya likitan mace ce ko namiji. Yaya ta ce mace ce, ta kusa haifarsa, kuma ita ce mai turo saƙo. Ya tambaya wa ya nuna musu wurin. Ta ce matar Malamin Lissafi, ita ma a nan aka yi mata nata bayan haihuwarta ta uku, ita ce ta sa mijinta ya riƙa rage wa Malama hanya. Shi mijin ciwon baya aka ce masa.

Ya fara ƙirgawa a ransa. Yaya ta sani. Likita ta sani, da nas ɗinta, da mai kyamis na ƙasa da ke ba da maganin. Matar wani ƙato, wadda bai taɓa gani ba, ta sani. Shi da yake kwana ɗaki ɗaya da ita, shi da ya tsaya a bakin ɗakin haihuwa awa tara, shi aka bari yana laɓe a bayan motar siminti. Kishin da ya hau benen da shi bai tafi ko'ina ba, wuri kawai ya sauya. Ya ce da Yaya, da murya ƙasa-ƙasa, ashe shi ne bare a gidan. Ta ce wannan tsakaninsa da matarsa ne, ita dai ta sha ce mata ta faɗa masa.

Suna nan Malama ta fito tana takawa kamar mai tsoron fasa ƙwai. Da ta gan shi ta tsaya cak, ta dubi yayarta, ta dubi ƙasa. Yaya ta tare musu tasi, Injiniya ya bi su a baya da babur, a hankali, har gida.

Yaya ba ta shiga ba, ta ce za ta riƙe Bebi zuwa magariba. Malama ta kwanta a gefenta a doguwar kujera, ta sa matashi tsakanin gwiwoyinta. Shi ya zauna a hannun kujerar da ke fuskantarta, har yanzu da hular kwano a cinya. Ya yi niyyar farawa da sannu, amma abin da ya fito daga bakinsa daban ne. Ya tambaye ta me ya yi mata da matar Malamin Lissafi ta fi shi cancantar jin ciwonta.

Ta gyara matashin. Sannan ta ce, "Baban Bebi, na gaya maka. Karo na biyun nan na ce maka akwai zafi. Ka ce kowace mace haka take cewa bayan haihuwa, zai wuce. Da na ce ka bari, kwana uku ba ka ci abincina ba."

Ya tuna kwana ukun, amma a nasa tunanin shi aka yi wa laifi.

Ta ce basir ɗin kuwa, da wane baki za ta faɗa masa? Ba shi ne yake dawowa daga shago yana kwaikwayon tafiyar mai fenti ba, lokacin da basir ya kama shi, yana buɗe ƙafafu yana dafa ƙugu har ita ma tana dariya? Ranar da ya yi wannan wasan na ƙarshe, ita da jini ta fito daga bayi. Ta yi dariyar ta koma kicin ta yi kuka. Ta ce ba ta so ya riƙa kallonta yana tuna mai fenti. Ta fi son ya ɗauka ta daina sonsa da ya ji ƙyanƙyaminta.

"Kuma ka ɗauka ɗin," in ji ta. "Har da wa ka haɗa ni?"

Bai faɗa ba, amma ta gane daga yadda ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Malamin Lissafi," kamar mai karanta amsar ɗalibin da ya ba ta kunya. Ta fara dariya, dariyar ta taɓa mata ciwon, ta cije leɓe ta juya fuska ga bango. Daga nan ba ta sake yi masa magana ba har aka dawo da Bebi, washegari ma gaisuwa ce kawai. Ya ba ta haƙuri sau uku kafin ta ce ta ji, kuma ta ce jin daban, hucewa daban.

Laraba ta gaba shi ya kai ta, a tasi, ya zauna a bencin mata shi kaɗai namiji yana kallon fanka. Likitar, wata dattijuwa mai furfura a goshi, ta sa aka shigo da shi. Ta yi masa bayani dalla-dalla kamar yadda shi yake yi wa masu firji. Ta ce basir jijiyoyi ne suka kumbura, ciki da yunƙurin haihuwa da taurin bahaya ke kawo shi ga mata da yawa, ba ƙazanta ba ce kuma ba abin dariya ba. Ta ce wurin basir da wurin ɗinki maƙwabtan juna ne, in ɗaya na ciwo ɗayan ba ya sakewa. Ga tabon ɗinki, ga bushewar da shayarwa ke kawowa, ga tsoro, don jikin da ya sha zafi sau biyu yana ɗaurewa da kansa tun kafin a taɓa shi. Ta lissafa abin da za a yi: ruwa da yawa, ganye da 'ya'yan itace, kada ta daɗe a bayi tana yunƙuri, man shafawa, da wani motsa jiki da za ta koya mata. Sannan ta cire tabarau ta dube shi ta ce saura nasa aikin. Zai jira sai matarsa ta ce ta shirya, kuma ranar da ta ce akwai zafi, ko a tsakiyar hanya ne, zai tsaya, ya kuma ci abincinta washegari. Ya gane cewa har kwana ukun an kawo ƙararsa nan. Ya haɗiye wannan ma.

Ya ɗauki abin da gaske, har ya so ya wuce gona da iri. Kullum ya taso daga shago sai ya biya kasuwa ya cika leda da gwanda da lemo da kabeji. Shi yake ɗora ruwan ɗumin da safe, ya gwada da gwiwar hannu kamar na wankan Bebi. Ya sayo gora mai lita biyu ya ja mata layi da alƙalami, in ta dawo daga makaranta ya duba inda ruwan ya tsaya. Da Yaya ta bugo waya tana tambayar jiki, yakan karɓe ya ba da rahoto da kansa, yana jin daɗin cewa yanzu ya fi ta sanin halin da ake ciki. Mai fenti kuwa ya rasa dalilin da ya sa Injiniya ya daina tsokanarsa, har wata rana ya kawo masa gwanda. Farar motar ce dai bai iya haƙura da ita ba. Ya shirya da wani mai tasi ya riƙa ɗauko Malama, ya ce don kada a ɗora wa bawan Allah nauyi. Ta dube shi ta gefen ido ta bar shi.

Jinin ya tsaya cikin wata guda. Zaman kujera ya dawo, ta koma cin abinci tare da shi a falo. Ɗayan al'amarin ya fi ɗaukar lokaci. Wata Asabar da rana, Bebi na gidan Yaya, Malama da kanta ta ce su gwada. Ba su yi nisa ba ta riƙe masa hannu ta ce akwai zafi. Ya tsaya. Ta zuba masa ido tana jiran ta ga fuskar nan da ta sani, shi kuwa ya tashi ya ɗora musu shayi ya kawo har gado. Sai bayan mako uku suka sake gwadawa, aka dace, ko da yake likitar ta ce kada su yi mamaki in zafin ya leƙo jefi-jefi kafin a yaye Bebi, kuma ya leƙo ɗin.

A ranar shayin ne, suna zaune ta jingina da kafaɗarsa, ya yi ta juya cokali a kofi, can ya tambaye ta, wai don Allah, duk kwanakin da mutumin nan yake ɗauko ta, bai taɓa ce mata ta yi kyau ba?

Malama ta yi tunani da gaske, ta ce sau ɗaya, ranar da ta sa shuɗin mayafi.

Injiniya ya ajiye kofin. Ya ce shi dama mayafin nan bai taɓa yi masa ba, yana sa ta yi duhu. Ta ce to, ta kurɓi shayinta. Ranar Litinin shi ta yafa ta tafi makaranta, shi kuma ya wuni a shago yana yi wa mai faci faɗa a kan ya tare masa ƙofa da tayoyi.